Yadda Muka Ɗauki Duna a Motar Shanu

Ran da kuka taru a gidan nan da ƙaramar Sallah, Nasiru ya ba da labarin maigidansa na ofis da yake shirin tafiya hutu da iyalinsa a mota, har da karensu, wai ana ta neman masaukin da zai yarda da kare, an ma saya masa kwanon shan ruwa na hanya. Kuka yi ta dariya, sannan Rabi ta juyo ta ce ai ni ne gwanin tafiya da kare, a tambaye ni. Na yi murmushi na bar zancen, don ba maganar ranar Sallah ba ce. Amma tun ranar abin yake cina. Labarin da kuka tashi da shi a gidan nan shi ne Duna, karen kakanku, ya tsinke igiya a hanyar Zariya ya gudu, ya nufo gida, ba a sake ganinsa ba. Ni na shirya wannan labarin, ni na yi ta maimaita shi shekara da shekaru har ya zauna daram. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara bin hanyar na kakanku, kuma na gaji da riƙon abin ni kaɗai.

Shekarar ita ce ta biyu da ruwa ya yi mana rowa. A ta farko mun samu ɗan abin da ya kai mu tsakiyar rani. A ta biyu gero ya fito ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi ja, muka yanke shi muka ba awaki, daga baya awakin ma muka bi da su kasuwar Ɗambatta ɗaya bayan ɗaya. Kun san ƙauyenmu, gona jikin gona, babu wani daji da mutum zai shiga ya samo abin sawa a baka. Ko kukar bakin rijiya an tsige ta tas. Mu biyar ne a gidan: kakanku da nake kira Baba, Inna, ni, mahaifiyarku, sai Rabi da take goye. Baffa Sale, ƙanin Baba, wanda ya daɗe da komawa wani ƙauye gaba da Zariya, ya aiko cewa su can sun samu dawa, mu taho mu ci rani tare, kada mu jira sai rumbu ya nuna ƙasa. Saƙon ya iso da sauran sanyi. Da a makon nan muka tashi, da yau ba ni da abin rubutawa.

Kakanku mafarauci ne a ƙuruciyarsa, kafin gonaki su cinye dajin, kafin kuma ciwon yanar ido ya rufe masa gani. Lokacin da nake ba ku labari yana bambance rana da inuwa, shi ke nan. Cikin karnukansa Duna ne kaɗai ya rage, baƙi wuluk, da ɗan fari a ƙirji, ga rashin fara'a kamar mai gidansa. Babu wanda ya koya masa jagora, shi ya ɗora wa kansa. In Baba ya ɗauki sanda, Duna ya miƙe ya shiga gaba, igiyar wuyansa a hannun Baba, ya kai shi gona, ya kai shi majalisa, ya kai shi masallaci ya tsaya can nesa a gindin dogonyaro har a idar. Tsakar gida kuwa bai taɓa taka ta ba, domin Inna ta shata masa iyaka tun yana ɗan kwikwiyo. Sakainarsa ta cin abinci tana bayan zaure, kuma ko da kuskure hannun wani ya taɓa ta sai ya wanke. Haka aka zauna da shi shekara takwas, ana cin moriyarsa ana ƙyamar bakinsa.

Da na karanta wa Baba saƙon Baffa, sai ya juyo inda nake.

"Ku je," in ji shi. "Ku bar mini ɗan gari da tulu. Ni da Duna za mu ji da kanmu."

"Baba, wa zai bar ka kai kaɗai a kango?"

"To, a tafi da shi."

Inna tana bakin murhu tana hura wutar da ba abin kirki a kanta. Ta ɗago.

"Malam, kare ne fa. A mota. Cikin mutane."

"Na san kare ne, ai ban ce tunkiya ba ce. Can inda za mu, wa zai kai ni masallaci? Wa zai kai ni bayan gari? Ɗan mutane kwana uku zai yi ya fara tsaki. Wannan shekara takwas ke nan bai taɓa cewa ya gaji ba."

Inna ba ta faɗin sunana, kasancewata ɗan fari, sai ta dubi gefen da nake ta ce, "Kai wannan, ka ji dai. Sai ka san yadda za ka yi." Daga wannan ranar aikin ya dawo kaina.

Kasuwa huɗu na yi ina zarya tashar Ɗambatta da ƙafa, ciki ba komai sai ruwa. Da farko gaskiya nake faɗa kai tsaye, in ce mu huɗu ne da jaririya da kare. Wani direba ya tambaye ni ko daga asibitin mahaukata aka sako ni. Wani ya ce shi motarsa har malamai take ɗauka, in kare ya lashi buhun wani wa zai wanke. Wani ya kira abokansa su zo su ji, suka kewaye ni suna dariya, har wani ya ce in saya wa karen tikitin gidan gaba. Ina da mata da 'ya a lokacin, amma nakan fito daga tashar nan kamar an tuɓe ni a kasuwa. In na dawo gida in tarar da Baba a zaure, Duna kwance a bakin ƙofa ya ɗora haɓa kan ƙafafunsa, babu abin da ya dame shi. Ba zan ɓoye muku ba, a kwanakin nan na tsani karen nan. Mahaifiyarku nono ya fara ɗaukewa, Rabi tana kuka ba ƙarfi, mu kuma muna zaune saboda dabba.

Har wajen Liman na je, ina fatan ya ce haramun ne, in samu abin kai wa Baba. Bai ba ni ba. Ya ce karen farauta da na gadi an halatta riƙonsu, kuma a mazhabarmu jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya sha ce aka ce a wanke sau bakwai. Na ce to me ya sa direbobi suke kora ta.

"Garba," ya ce, "abin da ke littafi ke nan na gaya maka. Amma ba zan iya binka tasha ina karanta wa kowane fasinja ba."

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo da ƙarfinsa, sannan na haɗu da Ilu. Babbar mota yake ja mai bodin katako, yana kwasar shanu zuwa kudu, don a shekarar Fulani suna ta rabuwa da dabbobi kafin su mutu a hannunsu. A irin wannan motar ana shimfiɗa katakai a sama da shanun, mutane su zauna. Ilu mutum ne marar yawan magana, kuma shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya ce zai sa tsoho a gidan gaba, mu kuma mu hau sama. Karen kuwa sai dai a kan rufin gidan gaba, inda ake ɗaure taya da tamfol.

"Amma da sharaɗi," ya ce. "Kada a gan shi, kada a ji shi. Masu shanun nan alhazai ne, tare za mu tafi. In ya yi haushi sau ɗaya shanu suka firgita suka tattake juna, a nan zan sauke ku, ko a tsakiyar daji ne."

Na amince. Na dawo gida na gaya wa Baba an samu mota, Duna zai zauna a kwando a sama yana shan iska. Sharaɗin Ilu ban gaya masa ba, don na san in ya ji zai ce a fasa, ni kuma ba ni da ƙarfin kasuwa ta biyar.

Kwana shida na yi ina shiri, kuma har yau in na tuna irin himmar da na yi sai in ji haushin kaina. Na saƙa babban kwando da kara da kaba, irin na kai kaji kasuwa amma mai ƙwari, da murfi. Kullum da hantsi sai in jefa ɗan ƙanzo a ciki, ƙanzon da mu ma muke so, Duna ya shiga in rufe, in ƙara masa lokaci kaɗan-kaɗan har ya saba. Baba ya murza sabuwar igiyar rama da hannunsa, ya ce a sa masa ita, tsohuwar ta yi laushi. Na tanadi gorar ruwa daban da sakainarsa, na naɗe su a tsumma don kada su haɗu da kayan abinci. Na tambayi Ilu inda yake tsayawa, ya ce sau ɗaya ne kafin Zariya, a wata kwana da ake sallar azahar a ci abinci, na tsara cewa a nan zan sauke kwandon in zaga bayan gari in ba shi ruwa ya miƙe ƙafa. Na ware tsohuwar tabarma da zan lulluɓe kwandon. Abin da ya rage shi ne haushi. Na gwada masa takunkumin jaki, irin wanda ake sa wa jaki in za a ratsa gonar mutane, sai na ga ya yi masa yawa, yana buɗe baki a ciki yadda ya ga dama. Don haka na yagi ƙyalle mai tsawo daga tsohon zanen Inna, na ajiye a aljihu ban nuna wa kowa ba.

A nan ne kuskuren yake, kuma ina so ku fahimce shi. Gida ɗaya na tashi da karnuka, na ga Duna sau dubu yana kwance a inuwa ya zaro harshe yana haki, amma ban taɓa tambayar kaina me ya sa ba. Mu an hore mu ne da gudun bakin kare, ba da lura da shi ba. A ganina harshen nan ƙazanta ce kawai da ya kamata a ɓoye. Ban san da shi yake fitar da zafin jikinsa ba. Baba ya sani, kowane mafarauci ya sani, kuma shi ne mutum ɗaya da na ɓoye wa.

Ranar tafiya muka isa Ɗambatta da sassafe a amalanken maƙwabci, amma lodin shanu bai ƙare ba sai da rana ta take. Shanun sun rame, wasu sai an ɗaga su. Na zaunar da Baba a gidan gaba, ya laluba ya shafa kan Duna ta ƙofar kwandon, ya ce masa ya yi haƙuri, tafiyar yini ɗaya ce. Sannan na zaga bayan motar da kwandon, inda ba kowa, na naɗe bakin karen da ƙyallen nan zagaye huɗu na ƙulle tam. Bai yi gardama ba, ya dai dube ni. Na rufe, na lulluɓa tabarma, na ɗaure, muka ɗaga shi ni da Ilu muka ɗora kan rufin ƙarfe.

Mu wajen goma sha biyu ne a kan katakan, da alhazai biyu masu shanun. Ƙasa warin fitsarin shanu yana tasowa, sama rana tana dukanmu, mahaifiyarku ta rufe Rabi da mayafi. Kwandon yana gabana, bai fi taku uku ba. Kafin mu shiga Kano na fara jin karta daga ciki. Ɗaya daga cikin alhazan ya juyo.

"Malam, me ka ɗauko a nan?"

"Kaji ne, Alhaji."

"Kajin nan da ƙarfi suke. A wannan shekarar?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Muka ratsa Kano a hankali saboda cunkoso, iska ta ɗauke, kartar ta ƙaru, har kwandon yana motsi. Na miƙa ƙafa na danne gefen tabarmar da ta fara ɗagawa. Addu'ata a lokacin guda ɗaya ce, Allah ya sa ya yi shiru. Da muka hau hanyar Zariya muka yi nisa, ya yi shirun. Na ce alhamdu lillahi, ya saba, ya yi barci.

Da muka tsaya a kwanar nan, shirina shi ne in fara da shi. Amma mutane suna ta sauka suna kallo, aka miƙo mini buta, aka ce a yi jam'i. Na ce a raina bari in yi sallah tukuna da tsarkina, in na idar sai in taɓa kare. Na yi alwala a natse, na bi sahu, har na tsaya addu'a. Sai da kowa ya duƙufa kan abinci na hau na sauko da kwandon, na ji ya yi nauyi irin wanda ba na mai rai ba. Na kai shi bayan wasu sabara na yaye tabarmar. Ya karce karan har farcensa ya yi jini, ƙyallen ya jiƙe sharkaf da kumfa, jikinsa da zafi kamar tukunya. Na kwance ƙyallen, na zuba masa ruwan gorar duka a baki, na kira sunansa, abin da ban taɓa yi da taushi ba. Ya riga ya tafi. Na kwance igiyar daga wuyansa na cusa a aljihu, domin sabuwa ce, kuma a shekarun nan ba a yar da igiya.

Baba yana gidan gaba bai sauka ba, a zaune ya yi sallarsa. Ya ji takuna.

"Garba, ka ba shi ruwan?"

Tsakanin sabarar nan da ƙofar motar bai fi taku arba'in ba, kuma a cikinsu na yanke shawara. Na ce, "Baba, ina buɗe kwandon ya fizge, ya tsinke igiya ya shiga daji. Na bi shi ban same shi ba."

Ya ce a sauke shi. Na riƙe hannunsa ya tsaya a bakin titi, ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito irin na mafarauta, wanda rabon da in ji shi tun ina yaro. Ya yi, ya saurara, ya sake yi. Duk mutanen da na yini ina ɓoye musu kare suka bar abinci suna kallon tsoho makaho yana kiran karensa. Alhajin da ya tambaye ni kaji ya dube ni ya kau da kai. Babu wanda ya yi faɗa, babu wanda ya ce a sauke mu. Ilu ya ba shi ɗan lokaci, sannan ya ce shanu ba za su jure tsayuwa ba. Na mayar da Baba mazauninsa muka tafi.

Baffa ya karɓe mu hannu biyu, muka ci muka ƙoshi, Rabi ta murmure, wannan kam ba zan raina ba. Amma abin da Baba ya faɗa shi ya faru. Ni ina bin Baffa aikin fadama tun safe, mutanen gidan kowa da hidimarsa, kuma Baba ba mai son roƙo ba ne. Sau biyu ya gwada fita da sanda shi kaɗai, na biyun ya faɗa kwata ya gurɗe ƙafa. Daga nan ya zauna. Wata uku a zaure ɗaya, yana sallah a inda yake, mutumin da a gida ba ya yini bai taka gona ba. In an zo gaishe shi sai ya ce Duna ya san hanya, yanzu haka yana bakin zaurenmu yana jira. Ni kuma in ce haka ne, Baba.

Da ruwa ya sauka muka koma gida. Inna ta bi maƙwabta tana tambaya ko an ga baƙin kare, kowa ya ce a'a. Damina ta yi kyau a shekarar, gero ya yi, amma Baba bai ga gonar ba ko da ta hannu, don ƙafafun sun riga sun mutu da zama. Na yi masa tayin samo wani kwikwiyo, ya ce shekarunsa ba za su kai ya raini wani ba.

Bayan an gama girbi, wata rana da la'asar, ina gyaran ƙotar fartanya a zaure yana kishingiɗe a kan buzu. Ba kowa sai mu biyu. Ya sa hannu ƙarƙashin buzun ya zaro igiyar nan ya ajiye tsakaninmu.

"Tun a gidan Sale na same ta a jakarka, ina neman carbi," ya ce. "Ni na murza ta. Na bi ta da hannu daga farko har ƙarshe, babu inda ta tsinke. Kwance ta aka yi."

Na kasa ɗaga kai. Na fara magana, ya ɗaga hannu.

"Bar shi. Ban tambaye ka yadda aka yi ba, ba na kuma son ji. Kai ka fitar da mu daga yunwa, na san abin da ka sha. Innarka ma ka bar ta da labarin da ka ba ta. Abu ɗaya kawai nake so ka gaya mini. Ka binne shi?"

"Na binne shi, Baba."

"Da zurfi?"

"Da zurfi."

Ya yi ajiyar zuciya, ya laluba ya sami kaina ya dafa, kamar ina ƙaramin yaro.

"To, Allah ya yi maka albarka, kai da zuriyarka."

Bai kai wata damina ba ya rasu. Ban binne Duna ba. Ƙasar ta bushe kamar dutse, ba ni da ko wuƙa, kuma ina tsoron a zo a gan ni. Na juye shi a gindin sabara na ja tabarmar na rufe shi, kafin motar ta tashi ungulaye sun fara kewaya wurin. Albarkar nan ta kakanku da kuke ji kullum ina cewa ita ce ta kai gidanmu inda yake, a kan wannan amsar ya sa mini ita.